Zumuncin ɗan sa kai da masu masaukinsa: na gaske ne ko zaman haya ne?

Tambaya: "Ni ma'aikaciyar jinya ce. An ɗauke ni aikin sa kai na shekara biyu a wata ƙasa, an kuma ce a gidan wani iyali zan zauna. Waɗanda suka je suka dawo ba su da magana sai 'mamata ta can', 'ƙannena na can'. Amma na ji cewa ana biyan iyalin kuɗi duk wata. Shin wannan zumunci na gaske ne, ko zaman haya ne aka yi wa kwalliya? Kuma idan na gama na tafi, me zai rage a tsakaninmu?"

Amsa:

'Yar'uwa, na daɗe ina aikin nema wa 'yan sa kai masauki da sasanta su da masu gida idan an saɓa, don haka zan gaya miki abin da na sani ba tare da na shafa masa mai ba. Zumuncin na gaske ne, kuma kuɗin da ake biya bai hana shi zama na gaske ba. Sai dai nauyinsa ba ɗaya ba ne a ɓangarorin biyu. Ke kina da fasfo, da tikitin komawa, da ofishin da zai ɗauke ki cikin dare idan wani abu ya taso. Su kuwa nan za ki same su, nan za ki bar su. Kusan duk daɗin da ke cikin wannan zama da duk ciwon da ke cikinsa daga wannan bambanci suke fitowa.

Ba don a rage kuɗin haya aka ƙirƙiro tsarin ba. Tun a 1932 wani Ba'amurke mai suna Donald Watt ya kafa shirin Experiment in International Living, bisa tunanin cewa ba a sanin mutane daga otal ko daga tagar mota, sai an kwana a gidajensu. Cikin samarin da suka bi shirin zuwa Turai har da Sargent Shriver, wanda ya zama shugaban farko na Peace Corps, hukumar 'yan sa kai ta gwamnatin Amurka, lokacin da Shugaba Kennedy ya kafa ta a 1961. Da farko a jami'o'in Amurka ake horar da 'yan sa kan kafin a tura su. Daga baya aka mayar da horon ƙasashen da za su yi aiki, har ya zama cewa daga cikin wata 27 na aikin, kusan ukun farko a gidan wani iyali ake yin su, ana koyon harshe da safe, ana amfani da shi da yamma. A ƙasashe da dama zaman yakan ci gaba bayan horon. Sauran ƙungiyoyi, irin su VSO ta Birtaniya da aka kafa a 1958, da shirin 'yan sa kai na Japan na 1965, da weltwärts na Jamus na 2008, kowacce da nata tsarin, wasu suna sa mutum a gidan iyali, wasu suna kama masa ɗaki. Abin da masu shirya aikin suka lura da shi tuntuni shi ne, wanda ke da gida a gari ya fi saurin jin harshe, ya fi samun labarin abin da ke faruwa kafin ya faru, kuma idan ya kwanta ciwo akwai wanda zai lura bai fito ba.

Akwai wani dalili mai zurfi fiye da wannan. A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana cewa cuɗanya kaɗai ba ta kawar da ƙyama tsakanin jama'a biyu, sai ta cika wasu sharuɗɗa: a haɗu a matsayi ɗaya, a sami manufa ɗaya, a yi aiki tare, kuma hukuma ko manyan wuri su goyi bayan haɗuwar. A wurin aiki sharaɗin farko ne ke faɗuwa. A asibiti ke ce wadda ta zo daga nesa da takardu, ana miki kallon mai sani ko da wata biyu kacal kika yi a aikin. Gida shi ne wurin da lamarin ke juyewa. A can ba ki san inda ake zubar da shara ba, ba ki san wa ake fara gaisarwa ba, yarinya 'yar shekara bakwai tana gyara miki magana tana dariya. Kin zama mai buƙata, su sun zama masu bayarwa. A ganina nan ne tushen zumuncin yake. Mutane sukan shaƙu da wanda suka wahala a kansa fiye da wanda ya yi musu kyauta. Ɗan sa kan da ya zo da niyyar taimakawa kawai, ba ya yarda a taimake shi, yakan gama shekara biyu ana girmama shi, ba a saba da shi ba.

Makonnin farko kada su ruɗe ki. Za a ba ki kujera mafi kyau, a zuba miki abinci ke kaɗai, a kori yara idan sun matso, a ƙwace tsintsiya daga hannunki idan kin ɗauka. Karramawa ce, amma kuma katanga ce, domin baƙo ake yi wa haka. Idan ina son sanin ko zama ya kama, ba na tambayar ɗan sa kai ko ana kyautata masa. Uwar gida nake tambaya ko ta taɓa yi masa faɗa. Ranar da kika dawo bayan duhu ba ki yi waya ba, kika same ta tsaye a bakin ƙofa ta haɗe rai, ta zazzage miki masifa da kalmomin da rabinsu ba ki gane ba, sannan ta turo miki kwano ba tare da ta dube ki ba, ranar kika shiga gidan. Ba a yi wa mai haya irin wannan faɗan. Haka nan ranar da aka aike ki, ko aka bar miki jariri aka fita, ko aka yi gardamar gida a gabanki ba a rage murya ba.

Abin da ya fi kawo saɓani ba manyan abubuwa ba ne. Ƙofa ce. Ɗan sa kai ya wuni yana fama da harshen da ba nasa ba, kansa ya yi nauyi, yana so ya shiga ɗaki ya rufe ya yi shiru na awa biyu. Masu gida kuma suna zaune a waje suna tambayar juna me suka yi masa. A wasu gidajen akasin haka ne, su ne masu son shiru da tsare lokaci, baƙon ne ke ganin an yi watsi da shi. Maganin ba wuya: ki faɗa tun da wuri, da bakinki, cewa idan kin gaji kina buƙatar kaɗaici, ba fushi ba ne. Sannan ki sa wa kanki lokaci guda a rana da ba kya ɓacewa, yawanci lokacin cin abincin dare, ko da ba ki fahimtar hirar. Zama shiru a cikinsu ma zama ne, kuma suna lissafa shi.

Za a gaya miki a wurin horo cewa zaman baƙunta yana bin wani tsari: murna da farko, sannan ƙunci, sannan sabo. Asalin maganar daga binciken Sverre Lysgaard ne na 1955 a kan 'yan Norway da suka je karatu Amurka, inda ya ga waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 sun fi shan wahalar zama fiye da sababbin zuwa da waɗanda suka daɗe. Wani masanin al'adun jama'a, Kalervo Oberg, ya ƙara yaɗa tunanin a 1960. Amma kada ki riƙe shi kamar doka. Binciken da Colleen Ward da abokan aikinta suka yi a 1998 a kan ɗaliban Japan a New Zealand ya nuna cewa wahalar ta fi tsanani tun a farkon isowa. Abin da na fi so ki sani shi ne, su ma masu gidan suna da nasu ƙuncin, kuma ba wanda ya yi musu horo a kansa. Bayan wata uku ko huɗu ɗokin baƙo ya wuce, gajiyar dafa abin da cikinki zai karɓa ta fara nunawa, maƙwabta sun fara magana. Idan kika ga fuska ta ɗan canja a lokacin, ba ƙiyayya ba ce.

Yanzu batun kuɗi, tunda shi ne ya dame ki. Abin da ake ba iyali yawanci na abinci ne da ruwa da wuta da ɗaki. Ƙungiyoyi masu hankali suna auna shi da gangan, kada ya yi kaɗan har baƙo ya zama nauyi, kada ya yi yawa har karɓar baƙi ya zama sana'a. Kuma ni ban taɓa ganin laifi ba idan iyali sun karɓi baƙo domin kuɗin zai taimaka musu. Ke ma za a ba ki alawus, kuma aikin zai ƙara wa takardunki daraja, wannan bai sa kulawarki da marasa lafiya ta zama ƙarya ba. Abin da ake biya shi ne ɗaki da kwano. Ba wanda ya biya uwar gida ta kwana a zaune tana jiƙa tsumma tana ɗora miki a goshi ranar da zazzaɓi ya kayar da ke, ko maigida ya bi ki tasha da asuba domin bai yarda da direban ba.

Inda kuɗi ke ɓata zumunci shi ne a wajen wannan tsari. Wata rana za a zo miki da buƙata: kuɗin makarantar yaro, ko magani, ko rancen jari. Sau da yawa buƙatar gaskiya ce, kuma a idonsu ke mai hali ce, ko da alawus ɗinki bai taka kara ya karya ba, domin wayar hannunki da kwamfutarki suna magana a madadinki. Shawarata ita ce kada ki ba da rance a gidan da kike kwana. Bashi yana mayar da uwa mai ɓuya daga 'yarta. Idan za ki iya bayarwa, ki bayar kyauta, daidai abin da ba za ki yi kewarsa ba, a asirce, kuma ki sani kin buɗe ƙofar da za a sake ƙwanƙwasawa. Idan ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, kada ki ce "bari mu gani", domin a kunnen mai buƙata wannan alkawari ne. Kuɗin wata kuwa, idan akwai hali, ki bar ofis ya riƙa biya kai tsaye. Idan dole ta hannunki zai bi, ki tambayi jami'in shiri wa ya kamata ya karɓa. Na sha ganin gidan da maigida ke karɓar ambulan, matar da ke sayen cefane ba ta ganin ko sisi, baƙuwa kuma tana mamakin me ya sa ake mata kallon banza.

Wannan ya kawo ni kan abin da 'yan sa kai ba su cika lura da shi ba. "Iyali" ba mutum ɗaya ba ne. Wanda ya sa hannu a takardar karɓarki ba lalle ne shi zai ɗauki wahalarki ba. Ɗakin da aka ba ki na wani ne kafin ki zo, wataƙila 'yanmata biyu ne aka mayar ɗakin kakarsu. Ruwan wankanki wani ne ya ɗebo ko ya dafa. Ki gano su waye waɗannan, ki san sunayensu tun makon farko, ki rage musu aiki. Zumunci mafi ƙarfi da na gani sau da yawa ba da maigida ko uwar gida aka ƙulla shi ba, da waccan yarinyar ce da aka tasa daga ɗakinta. Sannan ki sani cewa gidan yana da matsayi a gari. Kin gaji abokansu, kin gaji waɗanda ba sa ga maciji da su. Idan gidan na wani mai faɗa a ji ne, akwai marasa lafiyan da za su yi nesa da ke saboda haka, sai kin nemi hanyar zuwa gare su da kanki.

Ke da kike ma'aikaciyar jinya kina da wata jarrabawa ta daban. Da daddare ana hira za a tambaye ki, cikin raha, me ya kai matar wane asibiti yau. Sun ɗauke ki 'yar gida, kuma 'yar gida ba ta ɓoye labari. Ranar da kika amsa sau ɗaya, aikinki a garin ya mutu, domin kafin wayewar gari maganar ta zaga. Ki ƙi tun ranar farko, da dariya amma ba sassauci. Za su ji haushi kwana biyu, daga baya su ne za su riƙa yi miki shaida cewa bakinki na da nauyi. Haka batun magani: za a so ki riƙa kawo na asibiti gida, ko ki duba dangi a tsakar gida. Ki raka su asibitin, kada ki kawo asibitin gida.

Game da hoto da abin da za ki rubuta a Facebook ko WhatsApp, darasin ya tsufa. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar Peace Corps da ke horo a Ibadan ta rubuta wa abokinta kati tana bayyana talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Katin bai isa Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Wancan kati ɗaya ne. Yau ɗan gidan da kike zaune yana cikin abokanki na intanet, kuma waya tana fassara masa duk abin da kika rubuta. Kada ki ɗora hoton banɗakinsu ko na yaransu ba riga domin mutanenku su yaba miki juriya.

Ba kowane gida ne ke zama gida ba, wannan ma gaskiya ce. Wani lokaci jini ne bai haɗu ba, a yi zaman mutunci a rabu lafiya, kuma ba gazawa ba ce. Amma idan wani namiji a gidan ya fara shigo miki ɗaki ba sallama, ko ana taɓa kayanki, ko ana matsa miki kan aure ko addini bayan kin nuna ba ki so, wannan ba bambancin al'ada ba ne da za ki yi haƙuri da shi. Ki kai rahoto, ki nemi a canja miki wuri. Kafin ki tashi ki tambayi ƙungiyar wa ya duba gidan, ko ɗakin na da makulli ta ciki, wa za ki kira da tsakar dare, kuma wa zai ga ƙorafinki idan kin rubuta. Tambayar ƙarshe ba wasa ba ce. An kashe wata Ba'amurkiya 'yar Peace Corps, Kate Puzey, a Jamhuriyar Benin a 2009 bayan ta kai ƙarar wani da take zargi da lalata da ɗalibai, kuma asirin ƙarar ya fita. Dalilin haka majalisar Amurka ta yi doka da sunanta a 2011 kan kare 'yan sa kai da rufa asirin masu kai rahoto.

Sai rabuwa, wadda ita ce ma'aunin komai. Ke kin san ranar tafiyarki tun kafin ki iso. Manyan gidan sun sani da kai, amma zuciya ba ta lissafi da kalanda. Yara ƙanana kuwa ba su sani ba sam. Yaron da ya koyi tafiya yana riƙe da zanenki bai san menene wa'adi ba. Ki fara gaya musu wata biyu ko uku kafin lokaci, kada ki sulale da asuba don gudun kuka. Kuma wani lokaci ba a samun ko damar sallama. A Janairun 2011 an kwashe 'yan Peace Corps daga Nijar cikin 'yan kwanaki bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. A 2014 cutar Ebola ta sa aka kwashe su daga Gini da Laberiya da Saliyo. A Maris na 2020 annobar korona ta sa aka mayar da dukkansu gida, kimanin mutum 7,000 daga ƙasashe kusan 60, kuma sai a 2022 aka fara komawa. Da yawa sun bar kaya a ɗaki, sun ce sai sun dawo. Iyalan sun ga a fili cewa idan hatsari ya zo, jirgi na mutum ɗaya ne. Saboda haka tun watannin farko ki rubuta lambobin wayar mutum biyu ko uku na gidan a wurin da ba zai ɓata ba, kuma godiyar da kike son yi kada ki ajiye ta sai ranar ƙarshe.

Alkawari kaya ne, kuma a makon ƙarshe ake ɗaukar wanda ya fi ƙarfin mutum. Ana kuka, sai baki ya suɓuce: zan kai ƙanina karatu ƙasarmu, zan dawo baɗi, zan gina muku ɗaki. Ke za ki manta da zafin lokacin, su ba za su manta ba. Akwai labarin da ke ciyar da irin wannan fata. Alejandro Toledo, yaro mai goge takalma a garin Chimbote na ƙasar Peru, ya haɗu da 'yan Peace Corps biyu da suka zo neman masauki gidansu a shekarun 1960. Sun taimaka masa ya tafi karatu San Francisco, ya wuce Stanford, ya zama shugaban Peru daga 2001 zuwa 2006, kuma shi ya gayyaci ƙungiyar ta dawo ƙasar a 2002. (Ƙarshensa bai yi kyau ba, kotu ta ɗaure shi a 2024 kan cin hanci, amma wannan wani zance ne.) Ana ba da labarinsa ne domin ba kasafai ake samun irinsa ba. Biza ba a hannunki take ba, kuɗin jami'a ba a aljihunki yake ba. Abin da za ki iya, kamar taimaka wa yaro cike takardar neman gurbin karatu ko biyan kuɗin jarrabawa guda, ki yi shi ba tare da kin yi shela ba.

Me zai rage bayan kin koma? Watannin farko za ku riƙa waya kusan kullum. Daga nan aiki ya kama ki, harshen ya fara zamewa daga bakinki, hira ta koma gaisuwa da tambayar lafiyar kowa. Wannan ba mutuwar zumunci ba ne, haka dangi na nesa suke. Waɗanda na ga nasu ya ɗore shekaru ba su ne masu aika kuɗi da yawa ba. Su ne waɗanda ake jin muryarsu idan an yi rasuwa ko haihuwa ko aure, waɗanda ke tuna wace jarrabawa yaro zai zauna bana, waɗanda ke ba da nasu labarin su ma, har da marar daɗi, maimakon su riƙa tambaya kawai. Saƙon murya ya fi rubutu amfani, musamman ga tsofaffin gidan. Buƙatar kuɗi za ta zo ta waya, wani lokaci bayan dogon shiru, kuma za ki ji kamar don ita kaɗai aka tuna da ke. Kafin ki yanke hukunci ki tuna cewa mutum ba ya kai kukansa sai inda yake ganin yana da hakki. Ƙa'idar ba ta canja ba: abin da za ki iya, ko kuma a'a a fili.

Ziyara kuwa kusan kullum ta ɓangare ɗaya ce, ke ce mai iya zuwa. Wasu shirye-shirye sun yi ƙoƙarin gyara wannan, kamar weltwärts da tun 2013 take kawo matasa daga Afirka da Asiya da Latin Amurka su yi aikin sa kai a Jamus, amma ga yawancin iyalai hanyar ba ta buɗe ba. Idan kin sami hali ki koma ko sau ɗaya, kuma ki shirya ganin wata baƙuwa a ɗakinki, tana kiran mamarki mama. Gidan da ya iya riƙe baƙo, ofis yakan sake turo masa wani. Idan an ba ki lambar wadda za ta gaje ki, ki gaya mata wa ke ɗebo ruwa, wane yaro ne ke jin tsoron duhu, da ƙarfe nawa uwar gida ke fara leƙen hanya. Sauran ki bar ta ta gano da kanta, kuma ki roƙi mutanen gidan kada su riƙa auna ta da ke.